A Shata Wuraren Da Gatari Ba Zai Taɓa Ba A Dajin Gwashi

Idan aka ambaci daji a ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum a wannan zamani, abin da ke fara faɗo wa mai sauraro a rai shi ne bindiga. Sunaye irin su dajin Gando da dajin Sunke sun zama sunayen da ake faɗa da ƙaramar murya, domin can ne ake kora shanun sata, can ne kuma ake tsare mutanen da aka ɗauke har sai an biya kuɗin fansa. Ba a manta da farkon watan Janairu na 2022 ba, lokacin da 'yan bindiga suka yi kwanaki suna bin ƙauyukan Anka da Bukkuyum suna kisa da ƙone-ƙone, har mazauna wurin suka ce an rasa rayuka wajen 200, ko da yake gwamnati ta ba da adadin da bai kai haka ba. Saboda haka mun san za a sami mai karatu da zai ce, mutane na neman tsira da ransu, ku kuma kuna zancen itatuwa? Tambayar tana kan hanya, kuma za mu amsa ta.

Amma bari mu fara da abin da ido ke gani. Duk da wannan hali, saran daji bai tsaya ba. Motocin itace da buhunan gawayi suna nan suna fita daga yammacin Zamfara zuwa manyan garuruwa, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kalanzir da iskar gas suka fi ƙarfin talaka, gidaje da dama da suka bar murhu suka koma masa. Mai gidan burodi yana son itace, mai tuwo-tuwo tana son itace, maƙeri yana son gawayin ƙirya, kafinta yana son katakon maɗaci da kawo. Mu ba mu ga laifin wannan ba. Dajin da ke kewaye da Gwashi da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bukkuyum ya daɗe yana ciyar da mutane, kuma wanda ya ce a hana sara gaba ɗaya, to, bai taɓa kwana da yunwa a ƙauye ba. Matashin da gonarsa ta gagari shiga, in bai yi itace ya sayar ba, me zai kai gida?

Abin da muke kira a kai ƙarami ne, amma yana da wuyar yi idan aka makara. A cikin kowane daji da ake sara don kasuwa akwai wuraren da darajarsu a tsaye ta fi kuɗin itacen da za a samu idan an kayar da su nesa ba kusa ba. Waɗannan wurare ya kamata a san su, a kira su da sunayensu, a rubuta, a yi musu alama, mai sara kuma ya san cewa izninsa bai kai nan ba. Kuma lokacin yin wannan aiki yanzu ne, tun ƙura ba ta lafa ba.

Waɗanne wurare ke nan? Mutumin Gwashi ba ya bukatar mu gaya masa. Na farko shi ne kurmin bakin rafi, wato duhuwar manyan itatuwa da ke bin gaɓar ruwa. Ƙasar nan ta Gulbin Zamfara ce da Gulbin Ka da ƙoramun da ke zuba cikinsu, kuma saiwoyin itatuwan bakin gaɓa su ne ke riƙe da ƙasa idan ruwa ya taso. Inuwarsu ce ke sa gurbi ya riƙe ruwa har cikin bazara, lokacin da rijiyoyin gari suka ja baya. Idan aka kwashe su, gaɓa takan zabge, rairayi ya cike kwarin, ruwan damina ya rasa hanya ya fantsama cikin gonaki, da rani kuma a nemi ɗigo a rasa. Ba mu ce saran itace kaɗai ne ya kawo ambaliyar da ta auka wa garin Gummi a daminar 2024 ba, domin ruwan sama na Allah ne, kuma shekarar ta zo da ruwa mai yawa a arewa baki ɗaya. Amma duk manomin fadama ya san bambancin gaɓa mai itace da gaɓa tsirara. Abin baƙin ciki kuwa, a bakin rafin nan ne itatuwa suka fi girma da miƙewa, saboda haka nan ne mai zarton inji yake fara dosa.

Sai kuma mashaya da burtali. Wannan magana ce mai zafi a Zamfara, kuma ba ma son mu yi mata kwaskwarima. Masu binciken asalin rikicin jihar da dama sun nuna cewa yanka gandun daji da makiyaya da aka riƙa yi ana raba wa masu hali su yi gonaki, musamman bayan 1999, tare da toshe hanyoyin shanu, yana cikin abubuwan da suka hura wutar gaba tsakanin manomi da makiyayi. Wannan ba uzuri ba ne ga wanda ya ɗauki bindiga ya kashe bayin Allah. Amma wanda ya san inda ciwo ya faro ba ya sake zuba masa gishiri. Akwai itatuwan da makiyayi ke dogara da su a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, irin su maɗobiya da kawo da gawo, waɗanda ake sassabe rassansu dabbobi su ci ganye. Idan aka sare waɗanda ke kan burtali da kewayen mashaya, garke zai nemi abinci a wani wuri, kuma kowa ya san inda wani wurin yake.

Maɗobiya ma ta isa a tsaya a kanta. Itace ne mai jan ciki da ƙarfi, wanda masu yin kujeru da gadaje na alfarma a ƙasar Sin suke so ƙwarai. Daga wajen 2013 zuwa gaba aka yi masa rubdugu a Nijeriya, musamman a jihohin Taraba, Adamawa da Kogi, ana loda gungume a kwantena ana fitarwa ta Legas. Abin ya kai ga yarjejeniyar duniya mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa ta sa shi cikin jerin waɗanda sai da takarda ake fitarwa daga farkon 2017, sa'an nan a 2018 aka dakatar da cinikinsa daga Nijeriya ɗungum. Cikin shekaru ƙalilan aka share abin da ya yi shekara ɗari yana girma. Ɗan ƙauyen da ya nuna wa dillali inda itacen yake, abin da ya samu bai kai na cefanen wata ba. Yau maɗobiya ce, gobe wani itacen ne kasuwa za ta so, kuma dajin da aka daɗe ba a shiga ba shi ne zai fi jan ido.

A nan ne muke so mu amsa tambayar da muka faro da ita. Rashin tsaro ya kori mutane daga ƙauyuka da yawa, sun tare a Anka, Gummi, Bukkuyum da Gusau, wasu har Sakkwato da ƙasar Zuru. Cikin waɗanda aka kora akwai tsofaffin da suka san daji kamar tafin hannunsu: maharba, masu magani, masunta, ardo-ardo, da mata masu tsintar ƙwarar kaɗe da suka san kowace bishiya da lokacin da take zuba. Su ne suka san inda tsohuwar maƙabarta take, inda kufan kakanni yake, inda idon ruwa ba ya ƙafewa, da inda iyakar wannan gari ta haɗu da ta wancan. Ba a rubuta wannan sani a ko'ina ba. Kowace shekara wasu daga cikinsu suna rasuwa a gudun hijira, yaran da aka haifa a bayan wannan fitina kuwa ba su taɓa taka wuraren ba. Ranar da hanya ta buɗe, kuma muna roƙon Allah ya kawo ranar da wuri, wanda zai fara shiga dajin shi ne mai mota da zarto da takardar izni a aljihu, domin shi ne mai shiri. Talaka yana can yana neman jinkar da zai rufa ɗaki. Kafin ya waiwaya an gama.

Ƙasar nan ta riga ta ga irin wannan da idonta, a kan zinariya. Da farashinta ya hau, aka shiga haƙa ba tsari, ana kawo duwatsu cikin gida ana niƙawa da injin niƙan hatsi, ƙura tana tashi inda yara ke rarrafe. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, 'Yargalma da Bagega. Yara fiye da 400 suka mutu, dubbai suka bukaci magani, aka kwashe ƙasar gidaje da tsakar gari aka zuba sabuwa, ta Bagega ma sai a 2013 aka samu kuɗin yi. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta kuma ɗage hanin a watan Disamba na 2024. Babu wanda ya ce zinariya haramun ce. Abin da ya rasa tun farko shi ne mai cewa, a nan za a yi, a nan kuma ba za a yi ba. Da an ware wurin niƙa a bayan gari tun ranar farko, da iyaye da yawa ba su binne 'ya'yansu ba.

Akwai kuma masu ra'ayin cewa dajin ma shi ne matsalar, a share shi kowa ya huta. A farkon 2022 gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufa'i, ya ba da shawarar a yi wa dazuzzukan da 'yan bindiga ke ɓuya ruwan bama-bamai, daga baya a sake dasa itatuwa. Mun fahimci zafin da ya sa aka faɗi haka, kuma aikin soja ba fanninmu ba ne. Amma batun sake dasawa muna da abin cewa. Kaɗanya takan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, wanda ya dasa ta jikokinsa yake yi wa aiki. Kurmin bakin rafi kuwa ba a dasa shi kamar gonar darbejiya. Mun ga bukukuwan dashen itace da yawa a arewa tun zamanin soja, manya su zo su sa ɗan tsiro a rami a ɗauki hoto, bayan wata uku akuya ta gama da shi. Kuma ɗan bindiga a kan babur yake, idan aka share wannan daji ya koma wancan, mai gari kuma ya zauna da fako.

Kada wani ya ɗauka cewa keɓe wuri a cikin abin da ake nema da shi baƙon tunani ne da aka kawo daga Turai. Mu leƙa Argungu, maƙwabtanmu a jihar Kebbi. Kabawa masunta ne, kifi sana'arsu ce duk shekara, amma akwai yankin Matan Fada da ake hana su a cikinsa, Sarkin Ruwa yana kula, har sai ranar biki. Bikin da ya samo asali a 1934 ya kai ga hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016. Hanin bai talauta masunta ba, shi ne ma ya sa ake samun kifin da ake nunawa. Haka ma a gonakin Hausa, tun kaka da kakanni mai sassabe yakan bar ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya a tsaye, kuma sarakuna suna da Sarkin Daji ko Sarkin Dawa da ake jin maganarsa. Ko dokar gandun daji ta 1937 ta zamanin Turawa, duk da ƙiyayyar da talakawa suka yi wa malaman daji saboda tara da cin zali, ta tanadi cewa kafin a kafa gandu sai an zauna an saurari mutanen wurin, an rubuta haƙƙoƙinsu na ɗiban ruwa da bin hanya da tsintar 'ya'yan itace. A duniyar yau ma, ƙungiyar FSC da aka kafa a 1993 don ba da shaidar katakon da aka sara bisa ƙa'ida, ta shigar da sharaɗi a 1999 cewa kamfani ya gano wurare masu daraja ta musamman a dajin da yake aiki ya kiyaye su, ciki har da waɗanda jama'ar wurin ke dogara da su don bukatun yau da kullum da waɗanda suka shafi al'adarsu. Wato abin da kakanninmu suka yi da baki, su sun sa shi a takarda.

Misalin da ya fi kusa da abin da muke nufi yana Jamhuriyar Nijar. A 1992 gwamnatin ƙasar ta yi dokar kafa kasuwannin itace na karkara, kuma dajin Baban Rafi da ke kudu da Maraɗi yana cikin wuraren da aka yi aiki da tsarin. Ƙauye ne ke riƙe da yankin dajinsa, a raba shi kashi-kashi, a sari wannan bana a bar shi ya huta, a ƙayyade yawan itacen da za a fitar a shekara, mai mota kuma ya saya a kasuwar ƙauye maimakon ya shiga daji da ma'aikatansa. Harajin itacen da ya fito daga dajin da ke da tsari ya fi sauƙi a kan na wanda aka saro barkatai, kuma wani kaso na harajin yana zama a ƙauyen. Tsarin yana da nasa ramukan, an sami wuraren da aka wuce ƙa'ida, an sami shugabannin da suka ci amana. Amma ya nuna cewa mai sara da kansa yakan zama mai gadi idan ya tabbata abin da ya bari bana shi zai amfana da shi baɗi. A ƙasar Maraɗin nan ce kuma, daga 1983, wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya riƙa ƙarfafa manoma su bar tohon kututture su gyara shi maimakon su ƙone, abin da ya bazu har aka ƙiyasta ya mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Manoman sun yarda ne bayan da suka ga itacen nasu ne, ba na malamin daji ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne wurin hutawa. Da an ce wurin shaƙatawa sai tunani ya tafi Yankari ko wani lambun birni mai kujerun siminti. Alhali kuwa ɗan ƙauye ma yana da nasa. Tafkin da yara ke koyon iyo, gurbin da gari ke haɗuwa a yi su na gayya idan ruwa ya ja, gindin tsamiya ko durumi inda fatake da masu zuwa kasuwa ke sauke kaya su sha iska, filin da ake kokawa da dambe bayan girbi, da inda Fulani ke sharo. A irin waɗannan wurare ne Bahaushe da Bafulatani da Badakkare suka saba da juna tun suna yara, har suka san sunan iyayen juna. Jama'ar da aka raba da bindiga za ta bukaci wurin da za ta sake zama tare, kuma zaman sulhu a rana tsaka ba ya daɗewa.

To, wa zai yi? A ganinmu aikin ya fi dacewa da masarautun Anka, Gummi da Bukkuyum, domin su ne ke da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san wanda ya san wuri, ko yana gida ko yana gudun hijira. Ba sai an shiga daji ba tukuna. A tara dattawan kowane gari inda suke, manoma da makiyaya da maharba, a tabbata an kira mata domin su ne masu kaɗe da kalwa, kuma su ne za a fi mantawa da su. A zana taswira ko da a ƙasa ce, malamin makaranta ya kwafe a takarda, a rubuta sunan kowane kurmi, mashaya, burtali, maƙabarta, kufai da dandali, a ajiye kwafi a fada, a ƙaramar hukuma, da ma'aikatar da ke kula da gandun daji a Gusau. Limamai da fastoci suna iya taimakawa wajen kira da shaida, tun da suna cikin waɗanda har yanzu ake amsa kiransu. Kuɗin da wannan zai ci bai taka kara ya karya ba, kuma Zamfara tana cikin jihohi 19 na arewa da shirin ACReSAL na Bankin Duniya ya shafa, shirin da aka amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700 don gyaran ƙasa da ruwa. Idan ana neman aikin da ya dace da sunan shirin, ga shi.

Bayan haka sai gwamnatin jiha ta ɗaure abin da doka: duk takardar iznin sara ko ƙona gawayi ta ɗauki jerin wuraren da aka keɓe a yankin, a ƙayyade tazarar da za a bari daga bakin kowane rafi, wanda ya ƙetare kuma a karɓe izninsa, ba a ci shi tarar da zai biya daga ribar mota ɗaya ba. Mun san inda gizo ke saƙar. Takarda ba ta hana mai hannu da shuni, kuma sau da yawa mai ba da iznin da mai motar suna cin tuwo a akushi ɗaya. Shi ya sa muke son jerin ya zama sananne ga kowa, a karanta shi a kasuwa da rediyo, yadda ko yaro ya ga an kayar da maɗaci a bakin mashaya zai san an yi ba daidai ba, ya kuma san ƙofar da za a buga.

A watan Mayu na 2025 shugaban ƙasa ya amince a ɗauki dakarun tsaron daji, jihar kuma tana da nata Askarawan tun Janairun 2024. Dukansu an ɗauke su ne don korar 'yan bindiga, kuma muna yi musu fatan nasara. Muna roƙon dai duk wanda za a tura dazuzzukan Bukkuyum da Anka da sunan gadin daji, a haɗa masa da wannan jeri a cikin kayan aikinsa, a kuma gaya masa tun a wurin horo cewa bayan an kori masu bindiga, kurmi da mashaya suna cikin amanar da aka ba shi.